Yaya Ya Ce Daram

Mun tashi da asuba daga Kano a motar Yola, ni da wani ɗan unguwarmu mai safarar huluna da takalman fata zuwa Gabon. Shi hanyar ta zame masa kamar zuwa kasuwar Kurmi. Ni kuwa malamin Hausa ne a kwaleji, iyakar tafiyata Zariya da Sakkwato, kuma ba na jin Faransanci ko na sayen ruwa. Yayana ne ya fitar da ni. Ya daɗe yana sayar da turare a kasuwar Mont-Bouët ta Libreville, can ya yi aure, can ya haihu. Wani da ya dawo daga can ya zo har zaure ya gaya mana ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Yaya, bakinsa ya mutu. Ya ƙara da cewa gwamnatin ƙasar ta ba baƙi wa'adi, duk wanda katin zamansa ba daidai yake ba ya gyara ko ya fita, kuma na Yaya ya ƙare yana kwance. Da Inna ta ji ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi in nemi izini a wurin aiki in je in dawo mata da shi, in ma mutuwar ce ta same shi a ɗakinta.

Daga Yola muka tsallaka Kamaru muka kwana a Garwa, inda Hausa ta ishe ni komai. Na taho da murnar cewa tunda an karya darajar sefa, kuɗin ƙasashen nan, bara, 'yar nairata za ta yi auki. Mai canji a Garwa ne ya warkar da ni. Ya ce gaskiya ne sefa ta faɗi, amma da ta faɗin, naira ta tarar a ƙasa tana jiranta. A Ngaundare muka hau jirgin ƙasa zuwa Yawunde. Ta taga na ga ƙasa na sauya kaya, ciyawa ta koma itatuwa, itatuwa suka koma duhu. A kowace tasha mata na miƙo ayaba da zuma da wani rogo da ake naɗewa a ganye kamar sanda. Warinsa ya kore ni da farko, yunwa ta dawo da ni, kafin mu kai Yawunde har ina zaɓen mai laushi.

Iyakar Gabon kogi ce, da jirgin fito ake tsallaka ta. A nan na fara ganin abin da ake faɗa. Jirgin ya zo daga can maƙil da mutane, 'yan Mali da Nijar da Binin da namu, da katifu da kekunan ɗinki da tukwane, ya koma da mu 'yan tsiraru. Jandarman da ya karɓi fasfona ya duba bizar, ya dube ni, ya faɗi wata magana abokan aikinsa suka yi dariya. Abokin tafiyata ya ce tambaya yake ko ban ga inda kowa ya nufa ba.

Daga Bitam zuwa Oyem hanya da dama-dama. Bayan nan sai jar laka da kurmi, da manyan motocin katako masu ɗauke da gungumen da ya fi ɗakina faɗi, in sun taho sai direbanmu ya raɓe ya ba su wuri. A bakin ƙauyuka ana rataye birai da beguwa a kan sanda ana sayarwa. Na ci ayaba da gyaɗa na gode Allah. Shingen jandarmomi kuwa na daina lissafi. Duk inda aka tsayar da mu sai an sauke wani, mota ta tashi ta bar shi tsaye da jakarsa, sauran mu kowa ya sunkuyar da kai.

Libreville gari ne mai hawa da gangara, teku a gefe guda, zafinsa mai ɗanko ne, riga ba ta bushewa a jiki. Abin da na fara koya shi ne shiga tasi. Za ka leƙa ta taga ka faɗi unguwar da za ka da abin da za ka biya. In direba ya yarda sai ya danna ham, in bai yarda ba ya ja motarsa ko kallonka ba zai yi ba. Wannan harshe ya yi mini daidai. Komai na garin daga waje yake zuwa, shinkafa da madara da albasa, har tumatir daga Kamaru, shi ya sa karyewar sefa ta shiga tukunyar kowa. Mai shayin da muka tsaya wurinsa, wani Bazindire daga Nijar, ya yanka burodi sirit har ina hango yatsansa ta ciki, ya ba ni haƙuri da Hausa.

Gidan Yaya a unguwar Cocotiers yake, a wani lungu mai gangara. Tun daga bakin lungun nake leƙen ƙofa ko zan ga tabarmin zaman makoki. Ban gani ba. Igiyar shanya ce kawai da rigunan da na san ɗinkin Kano ne. Matarsa ta fito ta tarbe mu. 'Yar arewacin Gabon ce, ta musulunta tun kafin aurensu, Hausarta ta kasuwa ce, ta gaisuwa da ciniki. Bayanta ga 'yarsu Habiba, wadda na sani a hoto kawai, yanzu ta zama cikakkiyar mace tana aiki a kantin magani. Faransanci ne harshenta, Hausa sama-sama take ji, amma ta durƙusa ta ce mini Baffa yadda ubanta ya koya mata.

Yaya na zaune a kujera a baranda, tsaf da shi, an yi masa aski. Hannunsa na dama na kwance a cinya, bakinsa ya ɗan karkace. Na yi tsammanin gawa mai numfashi zan tarar, sai ga idon nan nasa na tsokana yana nan yadda na san shi. Ya damƙe wuyan hannuna da hagunsa, ya dube ni daga hula har takalmi, ya yi ta kokawa da leɓensa, sannan ya ce, "Tiɓis."

Dariya ta zo mini tare da hawaye. Habiba ta matso ta ce kada in damu, haka yake yin ƙara iri-iri tun da ya faɗi, likita ya ce ba ta da ma'ana. Na ce mata wannan ba ƙara ba ce, kalma ce. In Bahaushe ya gaji har ba ya iya ɗaga ƙafa, sai a ce ya gaji tiɓis. Ubanta cewa ya yi tafiya ta tumurmusa ni. Ta tsaya tana kallonsa kamar yau ta fara ganinsa.

Kwanakin da suka biyo na zauna kusa da shi ina saurare. In ya tayar da salla a zaune yana karanta Fatiha daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe. Amma ba ya iya cewa ruwa, ba ya iya kiran sunan 'yarsa. Abin da ciwon ya bar masa shi ne kalmomin da mu malaman Hausa muke kira amsa-kama, irin su fat a fari fat, ko tim a ya faɗi tim. In shayi ya yi zafi sai ya ce zau. In an cika masa kofi ya ce fal. Ranar da ruwan sama ya doki Habiba a hanyar dawowa daga aiki, tana shigowa ya ce sharkaf, yana murmushi da rabin baki. A aji a ƙarshen zango muke koyar da waɗannan kalmomi, kamar kwalliyar magana. Ga su nan su kaɗai suna riƙe da mutum.

Hausawan da za su gane hakan sun yi ƙaranci a gidan. Wasu sun riga sun tafi, wasu ba sa fita don tsoron kame, masu zuwa kuwa gaisuwa ce da addu'a a tsaitsaye. Matar Yaya ce ta ba ni mamaki. Ta ce ita ta daɗe tana zargin magana yake yi. Ba ta san kalmomin ba, amma in ya ce ɗis ta san abu kaɗan yake so, in ya ce tinjim ta san ta cika masa kwano da yawa, don kalmar ƙaramin abu a bakin leɓe take fita, ta babba kuwa sai baki ya cika. Ta ce su ma a harshensu suna da irinsu. Kunyar musa wa likita ce ta hana ta faɗa.

Akwai mutum guda da kame bai hana shi zuwa ba. Wani tsohon Ba'indiye ne, babban dillalin turare a Mont-Bouët, wanda Yaya ya yi shekaru yana sarin kaya a wurinsa. Kullum bayan la'asar sai ya zo da lemarsa ya zauna, ya yi ta rera wa Yaya wasu baitoci da wani harshe, Yaya na buga kujera da yatsa yana bin kiɗan. Da ya ji ina Turanci ya yi murna kamar ya ga ɗan garinsu. Ya ce harshen Sanskirit ne, tsohon harshen malaman Indiya. Mahaifinsa malami ne, da bulala ya cusa masa shi yana yaro, ya gudu ya shiga kasuwanci, yanzu da ya tsufa shi ne abin da yake ɗebe masa kewa.

Na ba shi labarin amsa-kama, ya ajiye lemar ya gyara zama. Ya ce malamansu na dā sun tattara saiwoyin kalmomi, 'yan gajeru masu gaɓa ɗaya, mafi yawa na aikatau, suka ce daga cikinsu duk kalmomin harshen suka tsiro. Sai gardama ta tashi a kan tsuntsun nan baƙi mai sata. Su a harshensu sunansa kaka. Wasu malaman suka ce wannan suna ba shi da wata saiwa, kukan tsuntsun ne kawai mutane suka maimaita. Wasu suka ƙi, suka ƙirƙiro masa saiwa ƙarfi da yaji. Na ce masa mu hankaka muke cewa. Ya sa na maimaita, ya maimaita, Yaya na gefe yana dariyarsa marar sauti. Tsohon ya ce babbar gangarsu ta yaƙi dundubhi ce. Na ce mu ma muna da ganga mai suna dundufa. Ya ce saiwar tsayuwa a wurinsu stha ce. Na ce tsaya.

A nan fa kaina ya ɗau zafi. Na fara hango kaina a gaban taron malamai ina sanar da cewa Hausa da Sanskirit uwa ɗaya uba ɗaya suke. Tsohon ya ce in zo shagonsa gobe, zai sauke mini zazzaɓin.

Mont-Bouët kasuwa ce da ba ta da farko ba ta da ƙarshe, rumfa kan rumfa, laka a ƙasa, kifi banda da atamfa da kaset a layi ɗaya, kiran salla na tashi daga masallatai ta ko'ina. Amma shaguna da yawa a kulle suke, na Yaya ma haka. Muna tafe ni da Habiba aka ce ga motar 'yan sanda, kafin in waiga rabin layin ya watse, wani mai gasa nama ya bar wuƙarsa a kan tire. Na riƙe fasfona a aljihu har gumi ya jiƙa shi.

A shagon, tsohon ya ɗauko ƙullin kafur ya ce su karpura suke ce masa. Ya ɗauko icen sandal ya ce candana. Ya nuna sukarin da ke cikin shayina ya ce sharkara, asalin ma'anarsa tsakuwa, don haka yake a hannu. Ya ce waɗannan kam daga wurinsu suka zo mana, a bakin fatake, ta Farisa da ƙasar Larabawa, kowa ya karɓa ya ɗan lanƙwasa ya miƙa gaba. Hankaka da ganga kuwa ba wanda ya ara wa wani, tsuntsun ne yake kuka iri ɗaya a Indiya da Kano, fatar ganga kuma ba ta san ƙasa ba. Na ce to stha da tsaya fa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce a kasuwa mai girma irin wannan dole ka ga mutum biyu masu kama da juna da ba su haɗa kaka ba. Na sha shayina zazzaɓin ya sauka. Daga nan Habiba ta kai ni kantin da take aiki, a wata unguwa mai suna London, don haka duk wanda ya tambaye ni a kwaleji zan ce masa na je London na ga tsadar magani.

Duk wannan lokaci saƙon Inna na cikina ban fitar ba, wa'adi kuma na matsowa. Wata safiya bayan karin kumallo na faɗa. Habiba ta miƙe tsaye, Hausa ta ƙare mata ta koma Faransanci, abokin tafiyata na fassarawa yana rage zafin. Ta ce wa zai riƙa kai shi gashin ƙashi a Kano, wa ya san maganinsa, kuma uwarta fa, a bar ta ita kaɗai ko a kai ta garin da ba ta san kowa ba. Ni ma na ɗaga murya. Na ce in ranar ta cika ba kati, a bayan motar 'yan sanda za a jefa shi, kuma tsohuwa na can ta zuba ido a ƙofa. Matar Yaya kuwa tana ta tattara kofuna. Muna ta yi a kan mutumin kamar kaya ne a tasha, sai ya bugi kujera ya ce, "Tsit."

Muka yi tsit ɗin. Na durƙusa a gabansa na ce, "Yaya, Inna ce ta aiko ni. Ta ce in tafi da kai gida. Za ka bi ni?"

Da ya ji sunan Inna hawaye ya zubo masa ta ido ɗaya. Ya daɗe yana motsa baki ba abin da ya fita, har na fara tunanin na ɗora masa abin da ba zai iya ba. Sannan ya miƙa hagunsa ya kama gefen zanen matarsa, ya taka ƙafarsa mai lafiya a siminti, ya ce, "Daram."

Na juya zan yi wa Habiba bayani. Ta ce, "Baffa, bar shi. Na ji." Ni kuwa wani nauyi ne ya sauka daga kafaɗata, don tun daga Kano nake tsoron in yanke wa yayana hukuncin da bai so ba, ba kuma yadda zai gaya mini.

Saura kati. Dole sai mutum ya je da kansa, kuɗin sabuntawa kuma ya tashi, har sai da matar Yaya ta sayar da sarƙarta. Muka ɗauke shi ni da abokin tafiyata, muka sa a tasi, muka shiga layin da ya zagaye ginin. Rana ta take kafin mu kai gaban tebur. Ma'aikacin ya karɓi tsohon katin da takardar aure da ta likita, ya dubi hoton, ya dubi Yaya, ya ce ya faɗi sunansa. Yaya ya buɗe baki ba abin da ya fito. Mutumin ya sake tambaya da ƙarfi. Ya ce na cikin hoton mai ƙiba ne, bakinsa daidai, ta yaya zai san ba wani aka ɗauko ba. Gumi ya keto wa Yaya, can sai ya kama karanta Fatiha, don ita kaɗai ce ta zo masa. Matarsa ce ta matsa, a hankali ta juya fuskar mijinta, ta nuna billen da ke kumatunsa na hagu, ta nuna shi a hoton. Ma'aikacin ya daɗe yana duban biyun. Ya ja tsaki, ya jawo takarda ya rubuta, ya ɗaga hatimi ya buga. Yaya ya ce, "Tim." Mutumin ya ɗago ya dube shi, ya ɗauko takarda ta biyu, ya buga ta da ƙarfin da ya fi na farko yana kallon Yaya, sai da ya sake jin tim ɗin sannan ya ce na gaba.

A jirgin ruwa muka dawo, cikin ɗaruruwan da ba su sami abin da muka samu ba. Wani tela ɗan Maraɗi da ya kwana kusa da ni ya bar mata da 'ya'ya a Libreville, bai san ranar da zai sake ganinsu ba. Murnata sai na ɓoye ta a ciki. Teku kuma ta karɓi duk abin da na ci. Daga Legas muka hau motar Kano.

Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince wake. Ta dubi bayana ta ga ba kowa, ta ce, "Kai kaɗai?" Ban yi dogon bayani ba, na ɗauko rediyo na sa kaset ɗin da muka ɗauka ana gobe zan taho. Matar Yaya ta gaishe ta, Habiba ta gaishe ta da Hausar da ta kwana tana haddacewa, sannan muryar Yaya ta karanto Fatiha. Aka ji ni ina tambayarsa yaya jiki, in gaya wa Inna. Ya ce, "Garau." Aka ji mu duka muna dariya, don ƙarya yake yi.

Yaya ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma nuna damuwa da shi a gaban mutane. Ta juya fuska wajen bango ta ce in mayar. Na mayar. Da ya ƙare ta goge ido da bakin mayafi ta ce wanda ya ce bakin yaron nan ya mutu bai san shi ba. Ta ce da yana ƙarami ya yi jinkirin magana har ana cewa bebe ne, kuma da irin waɗannan kalmomi ya fara, sauran suka biyo baya a hankali.

Ban dawo da amsar gardamar malaman Indiya ba, ban san ko daga kukan tsuntsu da faɗuwar kaya harshe ya faro ba. Abin da na gani da idona shi ne mutumin da kalmomi suka gudu suka bari, 'yan ƙananan nan masu kama da abin da suke nufi suka tsaya masa, har matar da ba Bahaushiya ba da ma'aikacin da ba ya jin Hausa suka gane shi. Na kuma koyi cewa kafin a yanke wa marar lafiya shawara a durƙusa a tambaye shi, ko da amsar za ta daɗe ba ta zo ba.

Washegari Inna ta aika a kira mata abokin tafiyata. Ta tambaye shi yaushe zai koma, ta ce ya bar wuri a cikin kayansa, akwai kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da za ta ba shi, da zane turmi ɗaya na matar gidan.